A Jos ana jaje, a Ingila ana rububi

Ranar Asabar ɗan yayata ya kira ni daga Unguwar Rogo, murya a sanyaye. "Kawu, karatun lauya na nema a jami'a, labarin ƙasa suka ba ni." Uwarsa ta karɓi wayar tana tambaya ko mai wannan digiri yana samun wani aiki ban da riƙe alli. Haƙuri na ba su, amma abin ya tsaya mini a rai, domin a makon nan 'yar maƙwabcina Bature a nan Birmingham take shirin intabiyun shiga jami'ar Oxford, kuma kwas ɗin da ake wa yaronmu jaje a kansa shi ya hana ta barci.

A nan tun 15 ga Oktoba ake rufe karɓar takardun masu neman Oxford da Cambridge, kuma ɗaya za ka zaɓa, ba a neman duka biyun a shekara guda. A Disamba ake kiran waɗanda suka tsallake. Malamai biyu su sa yaro a gaba wajen rabin awa, galibi yanzu ta kwamfuta, yana zaune a ɗakinsa. Babu mai tambayarsa babban birnin wata ƙasa. Hoto za su nuna masa, ko taswira, ko jadawalin ruwan sama, su ce me ka gani, me ya kawo shi? In ya amsa su murɗa tambayar su ga ko zai iya sake tunani. Yarinyar nan malaminsu na yi mata gwaji bayan an tashi, uban na yanko mata labaran ambaliya daga jarida, teburin kicin ɗinsu ya cika da taswirori har babu wurin ajiye kofin shayi.

Mu kuwa JAMB ce, kun fi ni sani: tambaya 180 cikin awa biyu, sai haddar tambayoyin shekarun baya. Ban raina ta ba. Mutum sama da miliyan ɗaya ke zama, wa zai gana da kowa? Kuma da intabiyu muke yi, da "ɗan wane ne" ta cinye gurabun.

Amma wallahi da za a zaunar da ɗan Jos a gaban malaman nan, da sun sha mamaki. Garin da ke kan tudun da ya kai mita 1,200, inda hunturu ke sa mu kwana da garwashi. Kududdufan kuza na Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, ramukan da kamfanonin Turawa suka tona suka tafi, yau masu lambu ke jan ruwansu da rani, kabeji da karas su cika Farin Gada. Ruwan kogin Dilimi ya nufi Tafkin Chadi, kogin Kaduna kuma daga tudun nan ya taso ya gangara cikin kogin Neja. Wanda ya ga ambaliyar Yulin 2012 a Rikkos da Gangare ba sai an yanko masa jarida ba kafin ya san abin da gini a bakin rafi ke jawowa. Duk wannan babu mai tambayarsa, shi ma sai ya ɗauka ba ilimi ba ne.

Ko kuwa ni ne nake maganar Jos ɗin da na baro? Mu da ƙafa muke zuwa duwatsun Shere, mu dawo da magariba a zane mu. Yaran da aka haifa bayan rikicin 2001 wata taswira suka haddace: unguwar da ake shiga, wadda sai da rana, mahaɗar da mai Keke zai ce maka nan ya tsaya. Akwai ɗan Gangare da ya gama sakandare bai taɓa taka bakin kududdufin Rayfield ba. Masu makarantun da ke karɓar kuɗin lasin ɗin JAMB, bas guda nawa ne haya? Ku kwashi yaran ku kai su, ku kuma gayyato na can su zo su ga Dilimi.