Koren Hasken da Na Tara wa Jama'a

Mako bakwai na yi ina shiga ɗakin duhu na sashen gwaje-gwajenmu ina fitowa hannu rabbana, alhali abin da nake nema bai wuce ɗigon koren haske ba. Aikin da aka ɗora mini shi ne in tabbatar cewa bairas ɗin RSV, mai kama hanyoyin numfashin jarirai da tsofaffi, ya riƙe ƙwayar gadon da aka ƙara masa, wadda za ta sa duk sel ɗin da ya shiga, wato ƙaramar ƙwayar da ake gina jiki da ita, ya riƙa haske. Dabarar ba ta da wuyar fahimta, domin bairas ya yi ƙanƙantar da madubinmu na duba ƙananan halittu ba ya ganinsa, amma idan ya tilasta wa sel ya ƙera furotin mai haske, sai ya zama kamar ɓarawon da ke kunna fitila a duk ɗakin da ya shiga, mu kuwa mu tsaya muna ƙirga ɗakunan.

Tarihin furotin ɗin, wato GFP, na haddace shi tsaf. Osamu Shimomura ne ya gano shi a 1962 a jikin wata halittar teku mai kama da lema, kuma a 2008 shi da Martin Chalfie da Roger Tsien suka karɓi kyautar Nobel saboda shi. Na san cewa idan aka haska masa shuɗin haske na nanomita 488 sai ya mayar da kore. Abu ɗaya da ya rage mini shi ne in gan shi da idona a cikin farantin robar da nake renon sel a cikinsa. Shi kuwa bairas ba ya son dako, domin an ƙara masa haruffan gado fiye da 700 a kan nasa kimanin 15,000, kuma yakan lalata su ko ya yar da su idan aka yi ta sauya masa faranti. Duk ranar da na fito fuska a murtuke, Farfesa yakan ce, "Wataƙila mutumin naka ya sauke kayan ne."

Ranar da abin zai faru, baƙar makar da muke rubutu da ita a jikin faranti ta bushe, ni kuma ina sauri, sai na zaro alƙalamin nan mai ruwan ɗorawa da nake shafa wa muhimman layuka a littafi, na rubuta lambobin gurabe shida a ƙarƙashin farantin. Na mayar da shi akwatin ɗumi mai zafin digiri 37, na ba shi kwana biyu.

Da na dawo, ɗoki bai bar ni na fara dubawa da farin haske ba kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Na kashe fitila, na kunna shuɗin haske, na yi ta murɗa maɓallin saiti a cikin duhu, kwatsam sai ga wani kore mai kashe ido ya cika madubin. Ba ɗigo ba ne, wani faffaɗan zane ne mai lanƙwasa. Nan take ilimi ya kawo mini ɗauki, na tuna cewa RSV yana narkar da sel-sel masu maƙwabtaka su haɗe su zama ƙato guda, wanda daga nan ma ya samo harafin S na sunansa, na yanke hukunci cewa ƙaton da ke gabana ba a taɓa ganin irinsa ba. Na ɗauki hoto arba'in, na tsara jawabin godiya a zuciyata, sannan na je na fito da Farfesa daga tsakiyar taro, ɗalibai shida suka biyo mu a baya.

Farfesa ya zauna, ya kafa ido a madubin, ya yi shiru na tsawon lokacin da na ɗauka mamaki ne ya ɗaure masa harshe. Ya tura farantin hagu a hankali, ya dawo da shi dama, sannan ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Wannan bairas naka ya yi makaranta ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban fahimce ku ba."

Ya ce, "Na ga ya iya rubuta lamba biyu, kuma hannunsa irin naka ne, har da 'yar ƙugiyar da kake yi mata a wutsiya."

Ashe madubin namu daga ƙasa yake kallon faranti, ni kuwa a cikin duhu na saita shi a kan bayan robar inda tawadar take, ita kuma tawadar irin wannan alƙalami shuɗin haske take jira ta yi kore fiye da kowane furotin. Farfesa ya kunna farin haske, ya ɗaga saitin kaɗan, sai ga sel-sel ɗina kwance lafiya lau, babu abin da ya taɓa su. Wata ɗaliba ta duba littafin aikina, ta sanar da jama'a cikin ladabi cewa gurbi na biyu shi ne na shaida, wanda da hannuna na bar shi babu bairas. Dariyar da aka yi a ɗakin duhun nan ta sa na gode wa Allah da ba a kunna fitila ba.

Bayan kwana goma, a sabon faranti mai baƙin rubutu a gefensa, na ga ƙananan sel guda biyar suna haske a raunane, kuma sai da na duba su sau uku da farin haske kafin in gaya wa kowa, shi ma da murya ƙasa-ƙasa. Alƙalamin kuwa tun ranar Farfesa ya ƙwace shi, kuma da shi yake shafa wa kurakuran kundina, shafi bayan shafi.