Yadda na je kallon fure na dawo da cizon cinnaka

Likita ne fa ya ja min. Ya auna ni ya ce jinina ya hau, wai in rage gaggawa, in ajiye waya, in riƙa fita ina kallon halittun Allah. Ni da nake wuni a kasuwar Muda Lawal ina fama da masu cin bashi, wane irin kallon halitta kuma? Amma Maman Ummi ta sa ni gaba, kullum sai ta ce "Abban Ummi, maganar likita fa."

Ruwan farko ya sauka daren Juma'a, Asabar da sassafe na hau mashin na kama hanyar Dass. Gaskiya ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Ƙamshin ƙasa kawai ya isa magani, duwatsun nan sun wanku tas, ciyawa ta fara leƙowa kamar gashin jariri. Furen ɗorawa mai ja ɗin nan da muke tsinka muna yara tuni ya wuce, sai 'ya'ya ke reto, shi kuwa gawo yana nan da halinsa na saɓa wa jama'a, kowa na shirin sabon ganye shi lokacin yake shirin zubar da nasa.

Can a gefen wata gona na hango wani fure fari mai ratsin ja-ja, wlh shekarata 43 ban taɓa lura da shi ba. Na kafe mashin, na tsuguna, na fito da wayar da aka ce in ajiye, ina ta neman saitin hoto har da kwanciya rub da ciki.

Sai na ji gyaran murya. Wani dattijo ne da fartanya a kafaɗa yana min wani irin kallo.

"Yaro, me kake binnewa a gonata?"

Na ce Baba ba komai, fure nake kallo. Ya ce ko dai awon fili aka turo ka? Na rantse fure ne kawai. Ya dubi furen, ya dube ni, ya dubi mashin.

"Albasar kwaɗi ce fa. Daga cikin Bauchi ka ƙona mai a tsadar nan don ka ga albasar kwaɗi?"

Ina cikin yi masa bayanin hawan jini da natsuwa cikin ladabi, ashe duk kwanciyar nan a kan gidan cinnaka na yi ta, kuma sun gama shiga wando sun raba unguwanni, jira kawai suke a ba su oda. Jama'a! Ban san lokacin da na daka tsalle ba, hula ta yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma, ina dukan cinya ina salati. Baba ya ja da baya yana a'uziyya, ya tabbata iska ce ta kama ni. Da ƙyar na shige bayan wata sabara na tuɓe.

Da na fito ya miƙo min hulata, ya ce in na ga malamin da ke min magani in gaishe shi.

Hoton kuwa da na duba a gida, ba fure ba alamarsa, sai babban yatsana da takalmin robar Baba. Maman Ummi tana shafa min man zafi tana dariya har da hawaye, wai sati mai zuwa ina za mu je kallon halitta.