Sifirin ɗin da aka datse a Jidda

Ranar Juma'a ɗan ƙanwata ya zo ɗaukata a nan Jidda da motarsa Elantra, sai na ga cikinta kamar zai shari kwalta. Ashe Sana'iyya ya kai ta, wato unguwar garejoji, aka kwance sifirin ɗin ƙafafu huɗu aka datse zagaye biyu-biyu da injin yankan ƙarfe. Kafin mu isa masallaci mun tarar da tudun rage gudu, wanda a nan ake kira maɗab, har biyar. Kowanne sai ya taka birki, ya hau a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, na baya suna ta danna mana hon. A na ƙarshe sai da na sauka don nauyi ya ragu, da furfurata da komai.

Na ce, "Kai yaro, a gida kuɗi ake biya a ɗaga mota." Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ƙasarku ce mai ramuka, mu nan titi sumul."

Ban ce ƙarya ya yi ba. Kuma idan sifirin na kamfani aka saya, irin su Eibach, aka haɗa da shokozoba da ta dace, motar takan zauna daram a kwana. Amma datsewa aikin ganganci ne. Sifirin ya gajarta ya ƙara tauri, shokozoba ta rasa wurin motsi ta mutu da wuri, tayoyi su riƙa cinyewa ta ciki, salansa kullum tana gogar ƙasa. Ga Murur, 'yan sandan hanya, da tararsu, ga fahas, binciken lafiyar mota, yana jiransa.

Mu da muke zuwa Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, neman ƙarin sifirin, don motar ta ɗauki buhun masara da fasinja ta kai su Bichi lafiya muke yi. Wannan kuwa don a kalle shi a bakin teku ne kawai.

Amma wallahi ba motar ce ta hana ni barci ba. "Ƙasarku" ya ce. Uwarsa a Fagge aka yanke mata cibiya, tuwon da ya ci ya girma da kukar da ake aiko mana daga Kano aka yi miyarsa, iƙamarsa ma, wato katin izinin zama a Saudiyya, Najeriya aka rubuta a jiki. Shekararsa 23, bai taɓa taka Kano ba, kuma har yau ban ji ya tambayi kuɗin tikiti ba.