Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Assalamu alaikum ƙannena samari, na Garwa da Marwa da Ngaundere, har da na Kusiri masu leƙa Njamena ta kan gada.

Sana'ata gyaran waya ce, a wata 'yar rumfa cikin babbar kasuwar Garwa. Mai irin wannan sana'a ko bai so ba sai ya ga abin da ke zuciyar mutane, domin da zarar ka sauya gilashi ka kunna waya don gwaji, hoton da mai ita ya fi ƙauna shi zai fara yi maka sallama. A da 'yan ƙwallo nake gani, su Eto'o da Vincent Aboubakar da ya taso a Coton Sport ɗinmu. Daga daminar 2022 sai wani mutum ya soma bayyana, da aski ƙwal-kwabo, da baƙin tabarau, da taba mai kaurin rake a baki, ya jingina da motar da ko a mafarki ba za ta bi hanyar Pitowa ba. Ban damu ba. Na ɗauka yayi ne, zai wuce yadda wasu suka wuce.

Sai da abin ya shigo gidanmu na farka. Autanmu yana ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare. Tun rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa, yayarmu ce ke biyan kuɗin makarantarsa da kaskon ƙosai, tana tashi kafin kiran assalatu. Wani dare tana tsakar gida tana surfen wake, ta ɗago ta ce masa, "Auta, ajiye wayar nan ka ɗauki takardunka, jarrabawa ta ƙarato." Yaron nan ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Yaya, ke mace ce, ba ki san yadda duniya ke tafiya ba. Makaranta tarko ce da ake ɗana wa talaka." Inna daga ɗaki ta ce, "Auta, da wa kake?" Yaya kuwa ba ta ce uffan ba. Ta ci gaba da surfenta, sai dai taɓaryar ta ƙara nauyi a hannunta, ni da ke gefe na ji sautin ya sauya. Na san wannan magana ba daga bakinsa ta tsiro ba. Ranar na zauna na bi diddigin mutumin da ya ara masa baki.

Sunansa Andrew Tate, shi ne mai baƙin tabaran nan da nake gani a wayoyi. An haife shi a Amurka a watan Disamba na 1986. Mahaifinsa baƙar fata ne Ba'amurke, gwanin darar Turawa da ake kira ces, mahaifiyarsa kuma Baturiyar Ingila. Da aurensu ya mutu, uwar ta kwashe 'ya'yanta zuwa garin Luton a Ingila, can suka tashi cikin rashi. Ku riƙe wannan: mutumin da ke koya muku raina mata, mace ce ta yi ɗawainiyarsa ita kaɗai. Ya shiga damben da ake haɗawa da shuri, ya kuma iya, domin a 2011 ya ci kambun duniya na wata hukumar wannan dambe mai suna ISKA. Ba zan rage masa wannan ba, ya sha naushi kafin ya samu.

Amma ba dambe ne ya sa shi a wayoyinku ba. A 2016 ya shiga shirin talabijin na Big Brother a Ingila, bai cika mako ba aka fitar da shi, a daidai lokacin da wani bidiyo ya ɓulla yana dukan wata mata da bel. Shi da matar sun ce wasa ne da yardar juna. Dukiyarsa ta farko kuwa, da bakinsa ya faɗi inda ta fito: ya tara mata suna zama gaban kyamara suna lalata da idon maza ta intanet, mazan suna turo kuɗi. Ya yi alfahari cewa akwai lokacin da mata 75 ke yi masa wannan aiki. Da Hausa muna da sunan mai irin wannan sana'a, kun san shi, kuma babu uban da zai ba shi 'yarsa a Garwa. Wajen 2017 ya koma ƙasar Romaniya da zama tare da ƙaninsa Tristan.

Yanzu ga wurin da nake so ku nutsu, domin nan ne ku kuka shigo labarin ba tare da kun sani ba.

A 2021 ya buɗe wata makaranta ta intanet mai suna Hustler's University, wai ana koyar da hanyoyin yin arziki. Kuɗin wata dalar Amurka 49.99, wato kusan jaka talatin na sefa. Ku tambayi ɗan acaba sau nawa zai tsallaka gadar Binuwai da fasinja, bayan ya cire kuɗin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, da na mai babur, kafin jaka talatin ta taru a aljihunsa. To, a cikin makarantar akwai wata dabara: duk ɗalibin da ya jawo wani ya yi rajista, za a ba shi kaso. Ta yaya zai jawo mutane? Ta hanyar yanko gajerun bidiyoyin Tate, ya buɗe shafi a TikTok, ya watsa su. An kuma nuna musu cewa maganar da ta fi tayar da ƙura ita za su zaɓa, domin manhajar ba ta san yabo ba, ba ta san zagi ba, abin da take ƙirgawa shi ne mutum nawa suka tsaya, mutum nawa suka yi sharhi, mutum nawa suka tura gaba. Wanda ya rubuta "Allah wadai" da wanda ya rubuta "gaskiya ne" duk ma'aikata ne a gona ɗaya. A watan Agusta na 2022 jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito cewa ɗaliban sun kai 127,000, kuma an kalli bidiyoyin da ke ɗauke da sunansa a TikTok fiye da sau biliyan 11. Ku ninka 127,000 da dala hamsin, za ku haura dala miliyan shida a wata guda.

Kun gane ke nan ba farin jini ne daga Allah ya sa kuka wayi gari fuskarsa ta cika muku waya ba. Dubban yara ne irinku, a ƙasashe daban-daban, suka raba dare suna yanka bidiyo, suna sa masa fassarar Faransanci da Larabci, da fatan samun ɗan kaso. Su dai gara su, sun sa ran wani abu. Kai da ke Yelwa ko Domayo, da ka roƙi Inna ɗari biyar ka sa data ta Orange ko MTN, ka ɗora shi a sitatus ɗinka, me aka ba ka? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Motar da yake nuna muku yana tambayar launin taku, daga aljihun masu sha'awarta ake zuba mata mai.

A watan Agustan nan na 2022 Facebook da Instagram da TikTok da YouTube suka rufe shafukansa saboda kalamansa kan mata. Ko wannan sai da ya mayar da shi haja, ya ce ai masu juya duniya ne ke tsoron gaskiyarsa. Makarantar ta sauya suna zuwa The Real World, kasuwa ta ci gaba da ci. Dokin mai baki ya fi gudu.

Na san abin da wasunku ke shirin jefo mini, domin Auta ya riga ku: "To ai ya musulunta." Haka ne. A watan Oktoba na 2022 aka ga bidiyonsa yana salla a wani masallaci a Dubai, ya kuma bayyana cewa ya karɓi Musulunci. Mun yi murna, muna roƙon Allah Ya tabbatar da mu da shi. Ba a tsaga zuciyar kowa, kuma Musulunci yana rushe abin da ya gabace shi na zunubi tsakanin bawa da Ubangijinsa. Ba ni da ta cewa a nan. Amma kalmar shahada ɗan uwa take mayar da mutum, ba malami ba. A garin nan idan baƙo ya musulunta, hannunsa ake kamawa a kai shi gaban malam ya koyi tsarki da alwala da Fatiha, ba a ɗora shi kan buzu a ce ya fara ba da fatawa kan aure da zaman iyali. Magabata sun ce ilimin nan addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku. Ga abin da ya fi ba ni haushi: yawancin bidiyoyin da kuke yaɗawa kuna cewa "ɗan uwanmu ya faɗi gaskiya" na kafin musuluntar ne, ko kuma irinsu ne sak, taƙama da dukiya, da yawan mata ba aure, da cewa wanda ba shi da kuɗi ba mutum ba ne. Wane babi ne wannan a cikin littattafan da muka karanta a zaure?

Wata biyu bayan haka, ranar 29 ga Disamba 2022, hukumomin Romaniya suka kama shi da ƙaninsa. Sun yi wata uku a tsare, aka mayar da su ɗaurin talala a gida, aka kwashe motocin alfarma daga gidansu. A watan Yuni na 2023 aka tuhume su da safarar mutane da kafa gungun masu laifi, shi Andrew har da fyaɗe. A Disamba 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta mayar wa masu gabatar da ƙara takardun saboda kurakuran da ta gani a ciki. A wannan watan kuma wata kotu a Landan ta ba 'yan sanda izinin ƙwace sama da fam miliyan 2 daga asusunsu, saboda rashin biyan haraji. A watan Mayu na 2025 masu gabatar da ƙara na Ingila suka tabbatar da tuhuma 21 a kan su biyun. Sun musanta zarge-zargen laifukan baki ɗaya, kuma zargi ba hukunci ba ne, ni mai gyaran waya ba alƙali ba ne. Hujjata a kansa ba ta buƙatar kotu ma. Abin da ya faɗa da bakinsa, yana dariya, gaban kyamara, ya wadatar.

Kada ku ce ban yi masa adalci ba. Yana faɗin wasu abubuwa masu kyau: ka tashi da wuri, ka motsa jiki, ka bar lalaci, ka daina kuka ka nemi na kanka. To amma wanne ne sabo a ciki? Kakanninmu da suka riƙa tafiya fatauci da jakuna daga Kano zuwa Adamawa, su suka kafa unguwannin Hausawa a garuruwan nan, ba wanda ya karɓi dala hamsin a hannunsu kafin su san a tashi da asuba. Inna tana faɗa muku wannan kullum kyauta, ku ce tsohuwa ta cika mita. Sai da wani ya faɗa da Turanci, a gaban mota, sannan ya zama hikima. Kuma mai sa guba ba ya miƙa ta a fili, a cikin fura mai daɗi yake dama ta.

Na fahimci abin da ke jan ku, kada ku ɗauka ban sani ba. Ni ma na riƙe takardar shaidar karatu na zaga ofisoshi har takalmina ya cinye, kafin na haƙura na koyi riƙe sukudireba. Saurayi ya gama makaranta ba aiki, sadaki da lefe sun fi ƙarfinsa, ya ga sa'anninsa sun tafi Duwala ko Yawunde sun dawo da hannu biyu. Ran nan wani ya fito a waya ya ce masa laifin na mata ne da na wasu ɓoyayyun mutane, kuma ga ƙofar fita a kan jaka talatin. Dole kunne ya so wannan. Mutanen Ƙaruna ma da ya fito musu cikin adonsa, cewa suka yi ina ma a ce su ne. Kallon kitse suka yi wa rogo, kuma kun san inda ƙasa ta kai shi.

Shi kuma batun mazantaka da ya zama muku waƙa, mun riga mun sami ma'auni tun kafin a haifi kakan Tate. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba mai kayar da mutane a kokawa ne ƙaƙƙarfa ba, ƙaƙƙarfa shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ya kuma ce mafi alherinku shi ne wanda ya fi kyautata wa iyalinsa. Ku ɗora zakaran damben naku a kan wannan sikeli da kanku. Sannan ku ɗora kanku, ku da kuke ɗaga wa yayyenku mata murya alhali sabulun da kuka yi wanka da shi da safe su suka saya. Wanda bai taɓa sayen mudun gero ya kawo gida ba, da wane baki yake bayanin matsayin mace?

Wani abu kuma da nake gani a rumfa yana tayar mini da hankali ya wuce Tate. Yara sun gano sirrin, cewa rigima ita ce jari. Sai ka ga yaro ɗan mutunci ya kafa waya yana zagin wata ƙabila, ko yana tona asirin yarinyar da ta ƙi shi, don mabiya su ƙaru. Tate yana da lauyoyi da fasfo fiye da ɗaya da jirgin da zai ɗauke shi. Kai idan ka ɓata sunanka, a unguwar nan za ka nemi aure, kuma waliyyin yarinyar yana da waya. Bidiyon da ka goge yau yana cikin wayoyi ɗari, ni na sani, domin ni ake kawo wa in kwashe su daga tsohuwar waya zuwa sabuwa.

Makon jiya wayar Auta ta faɗi, gilashin ya tsage. Ya kawo mini rumfa yana sosa ƙeya, ya ce, "Yaya, a taimaka." Na ce gilashi jaka takwas ne, ya je ya tambayi mai tabarau ya turo masa. Ya yi shiru. Na ce to ga hanya: kwana goma zai tashi da asuba ya ɗaukar wa yayarmu itace da kasko zuwa bakin titi, ya tsaya ya ƙulla wa masu saye ƙosai a leda, ni kuma in gyara. Yau kwana shida ke nan. Shekaranjiya na biya ta wurin, na tarar hayaƙi ya sa shi hawaye, yana ƙirga canji yana kuskure, Yaya tana gyara masa lissafi ba tare da ta dube shi ba. Wayar tana cikin durowata, ban kunna ta ba tukuna.