Tsohuwar Bindiga Mai Girgiɗi: A Gyara Ko A Bari?

Masu tara tsoffin bindigogin soja a nan Amurka suna da wata gardama da ba ta mutuwa, kuma da sanyi take tashi. Mutum zai sayi bindiga a watan Yuli, katako ya rungume ƙarfe gam, ya kai ta kabad ya jingine. A Janairu ya ɗauko ta, ya ji tana ƙwas-ƙwas. Nan take sai zargi ya hau kan wanda ya sayar masa. Alhali ba wanda ya cuce shi, hitar gidansa ce ta yi aikin.

Ice ko ya shekara 80 da sarewa bai daina shan laima yana fitarwa ba. Idan danshin iska ya kai kashi 65 cikin ɗari, katako kan riƙe ruwa kimanin kashi 12 na nauyinsa. Danshin ya sauko 30, ruwan ya koma wajen kashi 6. A Minesota inda nake zaune, gidan da hita ke ci dare da rana yana iya sauka ƙasa da haka. Kuma katako ta faɗi yake motsewa, tsayinsa kusan ba ya canzawa, shi kuwa ƙarfe ba ruwansa da laima. Shi ya sa idan ka shafa gindin bindigar za ka ji farantin ƙarfen ya ɗan fi katakon faɗi har yana kama farce, zobban da ke riƙe bututu suna zamewa, murfin katakon sama yana rawa. A kasuwar bindigogi ta ƙarshen mako na ga wani dattijo yana gwaji: ya zaro rasit daga aljihu, ya zura tsakanin katako da ƙarfe, takardar ta shige sumul. Ya ajiye bindigar bai ko tambayi kuɗi ba.

Duk wanda ya tashi a Kano ba ya buƙatar a yi masa wannan karatu. Ƙofar da ke cijewa a Agusta sai an sa mata kafaɗa, ita ce da hunturu ake leƙen tsakar gida ta tsagarta. Bambancin kawai, mu buji ne ke kawo mana bushewar daga Sahara, su kuma da kuɗinsu suke sayenta a cikin ɗaki.

Wadda ta fi jan hankalina cikin waɗannan bindigogi ita ce Lee-Enfield ta Ingila, mai harsashi .303. Irinta mazan jiya suka saɓa a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan da Arakan na ƙasar Bama, a 1944 da 1945. Samfurinta na 4 shi ne wanda aka daɗe ana gani a kafaɗar 'yan sandanmu. A gida Najeriya ba a tara ta don sha'awa, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai wannan harsashi cikin haramtattu. A nan kuwa tana kan tebur da takardar farashi a rataye. Katakonta biyu ne, na gindi da na gaba, kuma na gaban yana da wasu 'yan kafaɗu a ciki inda yake tokare ƙarfe. Nan ƙarfin bugun harbi ke sauka. Idan wurin ya motse, saiti ya tafi, kuma duk harbi ƙarfen na dukan katakon har ya dare.

To a nan aka rabu biyu. Wasu sun ce kada a taɓa komai. A wurinsu darajar bindiga ita ce ta zauna yadda ta baro hannun soja, lambobinta sun dace da juna, tambarin masana'anta na nan a jikin katako. Wasu kuma gam mai ƙarfi suke kwarara mata a ciki, ƙarfe ya zauna daram har abada. Ni duka biyun ban bi su ba, amma na farkon sun fi ba ni haushi, saboda tarihin da suke cewa suna karewa bai goyi bayansu ba.

Sojojin da suka riƙe bindigogin nan ba su taɓa ɗaukar girgiɗi abin ado ba. Mutanen Finlan da suka gyara bindigar Mosin-Nagant ta Rasha, 'yan fallayen ƙarfe suka riƙa sakawa ciko tsakanin ƙarfe da katako, kuma yau nasu ne ake yabo da saiti. Masana'antar Lithgow a Ostareliya, mai ƙera Lee-Enfield, ta yi aiki da icen coachwood mai saurin tsagewa, sai ta dasa 'yan farantai a daidai kafaɗun nan. A masana'antar Ishapore ta Indiya kusa mai zare suka riƙa ratsa katakon gaba da ita. Masu gyaran makamai na sojan Ingila kuwa yanke wurin da ya lalace suke yi, su dasa sabon ice, su kafe shi da turakun katako, aiki mai tsafta har ka tsaya kallo. Jamusawa ma da suka gaji da katako mai karkacewa sai suka koma yin ƙotar bindigarsu K98k da fallayen ice da aka manne. Wanda ya ce ciko ya ɓata asali, da wa yake gardama? Da mutanen da suka yi asalin.

Ta wannan fuska na fi ganin hankalin mutanenmu. Mafarauci ko ɗan bindigar sarki da ke tashin albarushi ranar hawan Sallah, idan ƙotar bindigarsa ta saki, ba ya jin kunyar gyara. Zai naɗe ta da fata ko waya ko robar tayar keke, gyaran na waje kowa na gani. Kayan aiki ne, an gyara shi ya ci gaba da aiki.

Amma akwai inda ba zan kare mu ba. Na ba wani kawuna labarin nan ta waya, ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, su jiƙa ta mana ta kwana a ruwa, kamar ƙotar gatari." Na ce, "Kawu, ai gatarin ma bayan kwana kaɗan ya fi da sako-sako." Dalili kuwa, icen da ya kumbura a cikin ƙarfe ba shi da wurin zuwa, sai jijiyoyinsa su murƙushe, idan ya bushe ba ya komawa girmansa na da. Wannan murƙushewar ce ke damun bindigar M1 Garand ta Amurka, inda ƙarfen da ya kewaye kunama ke matse katako in an kulle shi. Shi ya sa masu ita da yawa ke barinsa a buɗe in za su ajiye ta. Haka ma baƙin mai da muke shafa wa komai: katako na shansa ya yi baƙi, ya yi laushi, noti ya daina kamawa. A da sojan Ingila man linsid, na 'ya'yan wani tsiro, yake shafawa, kaɗan, a murza da tafin hannu. Shi ma ba ya mayar da icen da ya riga ya motse, rage saurin shiga da fitar laima kawai yake yi.

Abin da nake gani shi ne, kada a yanke wa bindiga hukunci da sanyi. A sa ma'aunin danshi a inda take, kuɗinsa bai kai na kwalin harsashi ba, a riƙe wurin kusa da kashi 45 zuwa 50 kamar yadda gidajen tarihi ke yi, a jira bazararsu ta zagayo. Da yawa za su koma daidai da kansu. Wadda ba ta koma ba, a kai wa wanda ya san aikin ya sa mata cikon da za a iya zarewa gobe ba tare da an kankare ko sili ɗaya na katakon ba. In za a sayar, a faɗa wa mai saye akwai ciko. Wanda kuma ya nace ba za a taɓa tasa ba, haƙƙinsa ne, amma ya rataye ta a bango, kada ya kai ta filin harbi. Katakon gaba na Lee-Enfield in ya dare, sai dai a nemo wani, kuma wanda aka nemo ba zai zo da lambar bindigar a jikinsa ba.