Ƙannena masu son taka leda, ku dubi hanyar Ajara Nchout da kyau

Ƙannena 'yan mata na Garwa da Marwa da Ngaundare, na ji yadda sunan Ajara Nchout ba ya barin bakinku. Ba laifi ba ne, 'yar Fumban ce, 'yar ƙasarmu. Amma yawancinku ƙwallo ɗaya kuka sani a tarihinta: wadda ta zura wa New Zealand a Montpellier ta Faransa a gasar cin kofin duniya ta 2019, ana dab da tashi, ta lanƙwasa mai tsaron baya ta ba Kamaru nasara da ci 2 da 1. Har FIFA ta saka ƙwallon cikin jerin masu neman kyautar Puskás, wadda ake bai wa ƙwallon da ta fi kyau a shekara.

To, kafin wannan ranar da bayanta fa? Daga Duwala ta tashi ta faɗa Rasha, cikin sanyin da ɗan Garwa ko a mafarki bai san irinsa ba. Ta je Amurka, ta je Suwidin, sannan Norway, inda ta ɗauki kofin lig da Vålerenga a 2020. Sai bayan duk wannan Atlético Madrid da Inter Milan suka neme ta. Kusan shekara goma kenan tana yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan, baƙon harshe, baƙon abinci, azumi ba dangi kusa.

Rigar ƙasa ma ba daɗi zalla ta ba ta ba. A 2016 Najeriya ta doke mu 1 da nema a wasan ƙarshe na kofin Afirka, a gida, cikin filin Ahmadou Ahidjo na Yawunde. Kwana uku bayan waccan ƙwallo ta Montpellier, VAR, wato alƙalancin bidiyo, ya soke mata wata a wasan Ingila, ta yi kuka a idon duniya, aka fitar da mu da 3 da nema.

Abin da ya sa nake wannan magana shi ne dillalan da suka fara shigo muku ta WhatsApp da Facebook. Wani zai ce yana da ƙungiya a Turai, ki turo kuɗin biza da na jirgi. Ke kuma ki matsa wa mahaifiyarki ta sayar da akuyarta ko ta ɗauko kuɗin adashi. Haba ƙanwata! Ƙungiyar da take sonki da gaske ita ke turo takardar gayyata, ita ke biyan jirgi. Dokar FIFA ma ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, sai bisa wasu sharuɗɗa ƙalilan. Duk wanda ya ce zai fitar da ke kina 16, kuma kada ki gaya wa Baba, ki tabbata ba filin wasa zai kai ki ba. Ki tambaye shi lasisinsa na FIFA, ki ga yadda zai fara kame-kame.

Makaranta kuma kada ku sake ta. Gaëlle Enganamouit, wadda ta ci wa Kamaru uku rigis a ragar Ekwado a 2015 ta kuma zama gwarzuwar Afirka a shekarar, ta ajiye takalmi a 2020 tana da shekara 28 kacal. Ita dai ta riga ta buɗe makarantar ƙwallon mata a Yawunde kafin nan. Wadda gwiwarta ta goce a filin unguwa, ba kwantiragi ba takardar BEPC ta gama ƙaramar sakandare, wa zai biya mata kuɗin asibiti?