Yadda gishiri ya ci mutuncina ranar shan ruwa

Azumin bara ne surukan Yaya za su zo shan ruwa gidanmu, Umma ta raba aiki, ni aka ba ni haɗa salak. Ni ko da son a ce ina da zafin nama, tun azahar na yanka latas da kokwamba da tumatir, na cika tire har ya yi tozo, na barbaɗa gishiri son raina tunda ba halin ɗanɗanawa, na rufe na je na yi kwanciyata.

Ana saura minti goma a kira magariba na ɗaga murfi. Jama'a! Tozon nan ya zauna, latas ya yi laƙwas kamar tsumman goge-goge, kokwamba na iyo cikin wani ruwa kore-kore. Nan take na shaƙo ƙanina na ce kai ka zuba ruwa, yaro na rantsuwa har da hawaye.

Sai da Umma ta leƙo ta ce "ke, yaushe kika sa gishiri?" sannan kaina ya kawo wuta. Abin kunyar shi ne bayoloji nake karanta, aji biyu a jami'a, kuma osmosis ɗin nan, wato yadda ruwa ke bin inda gishiri ya fi yawa, na zana shi a jarabawa har na ci maki. Kowace ƙwayar halitta tana da tantani da ya kewaye ta, layi biyu ne na kitse da furotin a tsattsakiya kamar masu gadin get, iskar oksijin ta wuce abinta ba tambaya, ruwa yana da ƙofofinsa, amma gishiri sai an tantance shi. To in gishiri ya taru a waje, ruwan ciki ne ke fita ya bi shi. Wato ba wanda ya zuba komai, ruwan jikin kokwambar ne na kira da hannuna ya amsa.

Na fara yi wa Umma wannan bayani har da nuni da hannu, ta dube ni sheƙeƙe ta ce ita ba ta san tantani ba amma tun tana shekara goma ta san ba a sa wa salak gishiri sai za a ci.

Na ce bari in juya lissafin, na tsoma latas ɗin a ruwan sanyi ko ruwan zai koma ciki. Ina! Awa biyar cikin gishiri, masu gadin ma sun mutu a bakin aiki. Baƙi dai da ƙosai da kunu suka sha ruwa, Umma kuma ta ce ba a zubar da abinci a gidanta, wanda ya haɗa shi zai ci.

Na cinye tas bayan tarawi. Gishirin ya shiga jini ya hau zuƙe ruwan nawa ƙwayoyin, da sahur na sha fiya wata huɗu, amma kafin sha ɗayan safe maƙogwarona ya bushe ƙayau, ƙanina na wucewa yana ce min sannu Anti kokwamba.